Littafi Mai Jan Bango

Kwana arba'in ke nan da muka kai ka Ɗandolo.
Yau na buɗe shago a Ƙofar Ruwa.
Kwaɗon ya ƙi buɗuwa sai da na ɗiga masa baƙin mai,
kamar shi ma bai gama karɓar gaisuwa ba.

Rodi na nan yadda ka jera su,
mai sha biyu daban, mai sha shida daban,
buhun ƙusa, bandir ɗin kwano,
da bencin nan mai ɗingishi da ka hana a jefar,
wai ya fi mu sanin sirrin ciniki.
Butarka na gindinsa. Ruwan ciki ya ƙafe.

Lissafi ya kawo ni, Alhaji Labaran.
Magada na jira, malam ya ce a fara da bashi.
Na ɗauko littafin nan mai jan bango.
Haladu kafinta, kwano bandir biyu: an ja layi.
Gwaggo Tasalla ta Kurna, siminti goma,
shekarar da ruwa ya ci mata katanga: an ja layi.
Na san ba su biya ba, ni ke karɓar kuɗi.
Ashe biron da kake saƙalewa a bayan kunne
aikinsa ke nan in na tafi alwalar la'asar.

Ba zan ce kana da sauƙi ba, kar in yi maka ƙarya a kabari.
Na ga ka tsare ɗan kwangila rabin awa a rana
a kan naira hamsin,
ka ci, ka yi dariya har hularka ta karkace.
Ran da na tauye awon ƙusa
faɗanka ya kai layin masu taya.

Amma wayarka ba ta san dare ba.
Ƙarfe biyu, ƙarfe uku, sai akori-kura ta yi tari ta tashi,
motar da ta wuni tana dakon ƙarfe
ta kwana tana dakon mai naƙuda.
Rigar agajin nan ta daina rufe tumbinka tun tuni,
maɓalli ɗaya ya gudu, ba ka damu ba.
Daren gobarar kasuwa da ita ka fito, baƙi ƙirin,
ɗan wani a kafaɗarka.
Sau nawa ka miƙa hannu a ɗakin ɗibar jini?
Katin ya cika, an liƙa masa wani.
Yanzu haka kana yawo a Fagge da Gwammaja
cikin jijiyar mutanen da ba su san sunanka ba.

A gida, Hajiya Ladidi ta ce har yanzu
in magariba ta yi takan zuba tuwo kwano biyu,
sai ta tuna.
Balangun Juma'a a takarda, wa zai kawo?
Jikoki sun caje aljihun babbar rigar da ke rataye,
sun samu dabino uku da rasit.
Ummulhairi ta ce kai ke duba mata aikin makaranta,
kai da ka tsaya a aji huɗu,
kana gyaɗa kai, takardar a juye.

Can wajen ƙarshen littafin na ga sunana.
Kuɗin asibitin innata, wata bakwai,
wanda ka ce za ka riƙa cirewa a albashi.
Ban taɓa ƙirgawa ba.
Layi biyu ka ja a kansa, har takardar ta huje.

Allah Ya ja layi a kan naka, Alhaji,
Ya sanyaya makwanci.

Ga wani dattijo a bakin ƙofa, yana murza hula,
kwano falle shida yake so, sai ƙarshen wata.
Na kai hannu bayan kunnena.
Babu biro.
Bari in duba cikin durowa.